Mafari a Bakin Kurkuku: Tarihin Mayaƙi da Masihirci da Ɓarawo a Wasan Tebur

Duk wanda ya tashi a ƙasar Tasawa, ko a Hawandawaki ne ko Korgom ko can wajen Mayahi, ya san cewa in aka ɗebe wasannin ƙarfi irin su langa da kokawa, sauran wasannin da muka gada sun kasu gida biyu manya. Akwai na zaune, wanda dara ce babbarsa, inda mutum biyu za su tona gurabu 30 a ƙasa, kowa ya riƙe 'ya'ya 12 waɗanda babu wanda ya ɗara wani daraja a cikinsu, sai abin da basirar mai su ta ba su. Akwai kuma na kwaikwayo, irin wasan kara da aka san Damagaram da shi, da irin sarautun da samari kan naɗa wa junansu bayan an kawar da amfanin gona, inda ɗan talaka zai wayi gari ana ce masa sarki ko alƙali, a yi masa fadanci, ya yanke hukunci a bi. Wasan da nake nufin ba da tarihinsa ya haɗa waɗannan gidaje biyu a ƙarƙashin inuwa guda, ya ɗauki ƙa'ida da lissafi daga na farko, ya ɗauki shiga rigar wani daga na biyu, an kuwa haife shi a Amurka cikin shekarar 1974 da sunan Dungeons & Dragons, watau kurkuku da dodanni.

Sifarsa ita ce mutum huɗu ko biyar su zauna kewaye da tebur, kowa da takarda da fensir, kowa ya ƙagi mutum guda wanda zai zama bakinsa da hannunsa, ya raɗa masa suna, ya zaɓa masa aji, watau sana'ar da zai shiga duniya da ita. Sa'an nan wani guda, wanda ake kira alƙalin wasa, ya riƙa bayyana musu abin da ke gabansu, ya ce ga ƙofa a kulle, ga motsi a bayanta, su kuwa su faɗi abin da za su aikata, in al'amarin mai shakka ne a jefa ƙwaya irin ta ludo ta raba gardama. Ba a zuba kuɗi, ba a kuma cin juna, domin 'yan tebur duka ɓangare guda suke. Sihirin da ke ciki sihirin tatsuniya ne, lambobi a kan takarda. Hukuncin wasa da ƙwaya kuwa malaman fiƙihu sun yi bahasinsa a babin nardu, su ke da magana a kai. Abin da ya ja hankalina mas'ala ce guda wadda ma'abota wasan suka shekara hamsin suna tattaunawa ba su gama ba: shin adalci ne mutanen da suka shiga wasa rana ɗaya, a mataki ɗaya, wani ya shiga da ƙarfinsa a hannu, wani kuwa ya shiga da alkawarin ƙarfi kurum?

Asalin abin daga barikin soja ya fito. A ƙasar Purusiya, wadda babban ɓangarenta ke cikin Jamus ta yau, wani mutum mai suna Reisswitz ya tsara wasan yaƙi a kan tebur, ɗansa kuma, hafsa ne, ya gyara shi ya buga ƙa'idojinsa a 1824, aka riƙa horar da hafsoshi da shi a kan taswira, da ƙwaya, da alƙali mai yanke abin da ya faru. A 1913 marubucin nan na Ingila, H. G. Wells, ya fitar da littafin Little Wars, wanda ya mai da wannan sana'a ta hafsoshi abin nishaɗin farar hula. A duk waɗannan, mai wasa runduna yake juyawa. Sai a ƙarshen shekarun 1960, a wajen biranen Minneapolis da Saint Paul, wani mai suna David Wesely ya gwada ba kowane ɗan wasa mutum ɗaya tak a cikin wani ƙagaggen gari da ya kira Braunstein, wannan magajin gari, wancan mai banki, wancan ɗalibi. Abokinsa Dave Arneson kuwa ya ɗauki dabarar a 1971 ya kai ta wata ƙasar almara mai suna Blackmoor, ya tura mutanensa ƙarƙashin wani tsohon gidan sarauta neman dukiya. A wannan shekara ce kuma Gary Gygax da Jeff Perren suka buga Chainmail, ƙa'idojin yaƙin zamanin sulke da takobi, waɗanda a ƙarshensu aka ƙara babi na almara: a can jarumi guda daidai yake da dakaru 4, babban jarumi daidai da 8, masihirci kuwa a matsayin manjaniƙi da igwa aka ajiye shi, yana jefa dunƙulen wuta da tsawa daga nesa.

A nan ne tushen mas'alarmu yake, domin a Chainmail jarumi da masihirci cikakku suke zuwa fagen fama, ba a tambayar inda suka yi ƙuruciya; amma da Gygax da Arneson suka haɗa kai suka fitar da Dungeons & Dragons a watan Janairu na 1974, ƙananan littattafai uku a cikin akwati, kwafi 1,000, kowane a kan dala 10, daga garin Lake Geneva na jihar Wisconsin, sai suka mai da jarumtaka abin da ake hawa mataki mataki. Laƙabin jarumi suka ajiye shi a mataki na 4, na babban jarumi a na 8, wanda ke matakin farko kuwa dakare ne kawai da ya ɗan ga yaƙi. Azuzuwa uku ne a wannan bugu: mayaƙi, da masihirci, da ƙissisi, watau malamin majami'a mai ɗaukar makami. Abin lura shi ne a lokacin tazarar da ke tsakaninsu ta fuskar jini ba ta da yawa, saboda kowa ƙwaya mai fuska 6 yake jefawa don sanin adadin ransa, watau yawan raunin da zai ɗauka kafin ya faɗi, mayaƙi ya ƙara 1 a kai, kowane makami kuma, wuƙa ko takobi, ɓarnar ƙwaya mai fuska 6 yake yi.

Ƙarin littafin da ake kira Greyhawk, wanda Gygax da Rob Kuntz suka fitar a 1975, shi ya buɗe tazarar. Ya ba mayaƙi ƙwaya mai fuska 8, ƙissisi mai 6, masihirci mai 4, ya kuma bambanta makamai, takobi ya koma 8, wuƙa ta koma 4. Mai karatu ya ɗan yi haƙuri da lissafi a nan, gama a cikinsa hujjar take. Masihircin da ya jefa ƙwaya mai fuska 4, ransa tsakanin 1 da 4 yake. In mashi mai ɓarnar 6 ya same shi sau ɗaya, sau uku cikin huɗu ya mutu ke nan, in takobi ne kuwa abin ya haura kashi 80 cikin 100, alhali mayaƙi ya fi kusa da tsira daga sukar mashin farko bisa ga halaka. Daɗa ga maganar sulke. An hana masihirci sa kowace irin kariya, don haka ƙaramin dodo kan same shi a jifa 11 cikin 20, mayaƙin da ya sa sulken ƙarfe ya riƙe garkuwa kuwa sai a jifa 4 cikin 20. A wancan zamani kuma ba a san suma ba: adadin rai ya kai sifiri, a yage takarda a sake wani.

Kakanninmu da suka ga yaƙe-yaƙen ƙarni na 19 tsakanin Maraɗi da Tasawa da Katsinar Fulani, zamanin su Ɗan Baskore, da an karanta musu wannan lissafi da ba su yi mamaki ba, domin sun san abin da ke tsakanin ɗan lifidi, wanda shi da dokinsa ke lulluɓe da auduga da kwalkwali, da ɗan baka wanda ba shi da abin tare kibiya sai sauri da sa'a. Inda wasan ya saɓa wa tarihi shi ne wajen arha. A ƙasar Hausa doki da lifidi da sulke kayan sarki ne da manyan hakimai irin su Ƙaura, sai bara ya daɗe yana bauta kafin ubangidansa ya ɗora shi a kai. A wasan kuwa mafari kan soma da zinariya tsakanin 30 da 180, sulken ƙarfe kuma 50 ne a bugun farko, garkuwa 10, har ya zama galibin mayaƙa tun ranar farko suke shiga kurkuku da shigar da bardenmu kan yi shekaru bai samu ba. Wannan rangwame shi ya sa mayaƙi ya zama sarkin matakin farko ba tare da jayayya ba.

To, me aka ba masihirci a madadin duk abin da aka hana shi? Surkulle guda ɗaya a yini. Gygax ya aro wannan tsari daga littafin The Dying Earth na Jack Vance, wanda ya fito a 1950, inda masihirci kan haddace surkulle da safe, da zarar ya furta shi kuwa sai ya goge daga ƙwaƙwalwarsa, sai gobe in ya sake komawa ga littafinsa. Saboda haka mafarin masihirci yakan yini a bayan sahu, riƙe da fitila ko linzamin alfadari, yana tattalin abu gudan nan da ya mallaka, yana auna kowace fitina yana cewa ko wannan ce ta cancanta ko a jira wadda ta fi ta. Amma kada a raina abin, domin a cikin surkullen matakin farko akwai na sa barci, wanda kan kwantar da ƙananan dodanni daga 2 har 16 a lokaci guda, aikin da mayaƙa uku ba za su gama ba sai an yi musu rauni. Minti ɗaya a yini ya fi kowa, sauran yinin kuma nauyi ne a wuyan abokansa. Sa'an nan aka tsawaita masa hanya: mayaƙi na bukatar maki 2,000 ya hau mataki na biyu, shi sai 2,500, dunƙulen wutar nan da aka san ajinsa da shi kuwa ba ya samunsa sai a mataki na 5, bayan maki 20,000. Daga nan ne ma'auni ke juyawa, ƙarfin mayaƙi ya riƙa ƙaruwa taki ɗaya ɗaya, na masihirci kuwa yana ninkuwa, har a wayi gari wanda ake karewa jiya shi ke tashi sama, ya ɓace wa ido, ya rushe runduna shi kaɗai.

Ni a ganina akwai hikima a cikin wannan tsari, hikimar da duk wanda ya san tsangaya zai gane, ba kuwa don in gwama ilimi mai tsarki da sihiri ba, wal'iyazu billahi, sai don sifar hanyar kaɗai. Kolo da titibiri ba su da abin nunawa a gaban sa'o'insu da suka kama noma ko ƙira, waɗanda tun suna samari hannunsu ke kawo abinci gida. Shekaru ake yi ana wanke allo kafin a zama gardi, wasu shekarun kafin a ce alaramma, kaɗan ne kuma ke kai wa ga gwani, amma wanda ya kai, sarakuna ke aika masa da gaisuwa. Waɗanda suka tsara wasan sun yi imani cewa sani abu ne mai jinkirin 'ya'ya, mai yawan faɗuwar masu nema a hanya, suka rubuta wannan imani da lambobi.

Ƙissisi bai jawo gardama mai yawa ba, ko da yake a bugun 1974 ba shi da addu'ar waraka ko ɗaya a matakin farko, sai ya hau na biyu. Yana sa sulke kamar mayaƙi, yana yaƙi da kulki tun da an hana shi makami mai kaifi, yana korar matattu masu tafiya, maki 1,500 kuma sun ishe shi hawa. Wanda ya fi kowa ban tausayi shi ne ɓarawo, wanda Greyhawk ya shigo da shi. Ransa ƙwaya mai fuska 4 ce kamar masihirci, kariyarsa rigar fata, ga kuma gwanintarsa a matakin farko kamar yadda take a bugun Tom Moldvay na 1981: buɗe kwaɗo kashi 15 cikin 100, kwance tarko 10, ɓuya a inuwa 10, tafiya ba motsi 20, yankan aljihu 20, hawan bango kaɗai ne ya kai 87. Watau mutumin da aka ɗauka domin tarko, aka tura shi gaba saboda tarko, sau tara cikin goma tarkon ke rinjayarsa, allura mai dafi kuwa a wancan bugu kisa take yi nan take in jifar ƙwaya ba ta cece shi ba. Masihirci yana da alkawarin girma da zai yi haƙuri dominsa; ɓarawo abin da aka ba shi kawai shi ne saurin hawa, maki 1,200. Banda wannan, shigowarsa ta jawo wata illa da ba a yi tsammani ba, domin kafin a ƙage shi kowa na iya laluben ƙofa ko sanɗa, da aka mai da waɗannan sana'ar mutum guda sai alƙalai da yawa suka fahimci cewa an hana wa saura.

Wanda ya dubi waɗannan lambobi zai ce ai wannan wasa mayanka ce, lalle kuwa an yi ta mutuwa a cikinsa; sai dai akwai ƙa'ida guda da ke fassara sauran duka, ita ce cewa maki daga dukiya yake fitowa, kowace zinariya da aka fito da ita daga kurkuku maki guda. Kashe ƙaramin dodon da ake kira goblin maki 5 ne a bugun 1981, ma'ana sai mayaƙi ya kashe 400 shi kaɗai kafin ya hau mataki na biyu, alhali akwati guda na iya ɗauke da ɗaruruwan zinariya. Saboda haka masu hankali suka koyi kauce wa faɗa. Suka riƙa tafiya da sanda mai ƙafa 10 suna dungurin ƙasa, suna ɗaukar 'yan haya da masu riƙe fitila, suna jefa tulun mai su cinna wuta a mashigi, suna zubar da abinci don dodo ya tsaya ci, suna haɗa wannan ƙabilar dodanni faɗa da waccan. A irin wannan wasa mai surkulle guda ba zaman banza yake ba, shi ke zana taswira, shi ke ciniki da maƙiyi, shi ke tuna wa jama'a cewa man fitila ya kusa ƙarewa. Rauni ne ya tilasta musu shawara, ya kuma sa mayaƙi ya tsaya a bakin ƙofa yana ɗaukar sara domin wani, bisa amanar cewa wata rana za a rama masa.

Amma masu ƙorafi ma suna da hujja mai ƙarfi, ba kuwa zan ɓoye ta ba. Adalcin da aka shimfiɗa a kan shekaru ba ya amfanar wanda ba zai ga shekarun ba, galibin ƙungiyoyin wasa kuwa kan watse tun ba a yi nisa ba, wannan ya yi aure, wancan ya ƙaura. Sai ya zama mai masihirci ya biya bashin ƙuruciya bai ci ribar girma ba, in kuwa ƙungiyar ta daɗe, mai mayaƙi ne zai koma ɗan kallo. Littafin 'yan wasa na Advanced Dungeons & Dragons, na 1978, ya ɗan taɓa gyara, ya ɗaga ƙwayar mayaƙi zuwa mai fuska 10, ƙissisi 8 tare da addu'a tun matakin farko, ɓarawo 6, ya bar masihirci a kan 4 ɗinsa. Waɗansu masu tsara wasanni kuwa suka bi ta wata hanya dabam: Traveller na 1977 ya sa mutum ya shiga wasa bayan ya gama aikin soja ko na jirgi, da gwanintarsa a hannu, RuneQuest na 1978 ya yar da azuzuwa da matakai gaba ɗaya, Warhammer Fantasy Roleplay na Ingila, a 1986, ya rungumi ƙasƙancin mafari da hannu biyu, har mutum kan soma a matsayin mai kamun ɓera, da ɗan karensa.

Babban juyi ya zo bayan kamfanin Wizards of the Coast ya sayi TSR, kamfanin Gygax na asali, a 1997. Bugu na uku, na shekarar 2000, ya ba kowa cikar ƙwayarsa a matakin farko ba tare da jifa ba, ya daidaita makin hawa mataki na biyu ya zama 1,000 ga kowane aji, ya ba masihirci 'yan ƙananan surkulle na ƙari, mutum kuma ba ya mutuwa sai ya kai 10 ƙasa da sifiri. Bugu na huɗu, a 2008, ya kai gyaran maƙura, inda mafarin masihirci kan soma da rai wajen 20 ko fiye, kowane aji kuma aka ba shi abin da zai yi a kowane zagaye ba iyaka, har jama'a da yawa suka ce azuzuwan sun zama kamar an zuba su a ma'auni guda, suka koma ga Pathfinder da ya fito a 2009. Bugu na biyar, na 2014, ya tsaya tsakani: masihirci ya sami ƙwaya mai fuska 6, da manyan surkulle 2 a yini, da ƙanana 3 waɗanda ba sa ƙarewa, wanda ya faɗi kuma sai ya kasa jifa uku kafin a ce ya mutu. Mafi muhimmanci, maki 300 kacal ke kai mutum mataki na biyu, 900 na uku, watau ƙuruciyar da dā ake watanni a cikinta ta koma zama biyu ko uku, har ƙungiyoyi da dama suka ɗauki al'adar somawa daga mataki na uku kai tsaye. Tazara ba ta gushe sarai ba, domin a bugun na 2014 ɗan wani aji na masu sihirin daji, in ya bi reshen ajin da ake kira na wata, yakan rikiɗa ya zama dabbar beyar mai rai 34 tun a mataki na biyu, lokacin da mayaƙi ke wajen 20.

Ina ganin gyaran da aka yi wa ɓarawo wajibi ne, an ma makara, gama babu hikima a kiran mutum gwani sa'an nan a sa ya kasa sau tara cikin goma. Game da masihirci kuwa zuciyata ta fi karkata ga tsohon tsari, saboda wanda ke jefa wuta a kowane zagaye tun ranar farko ba ya bukatar kowa ya tsaya masa, abokansa ma ba su da dalilin tattalinsa, sai tebur ya zama taron mutum biyar kowa na nuna bajintarsa. Ba ni kaɗai ke da wannan ra'ayi ba, domin tun wajen rasuwar Gygax a 2008 da ta Arneson a 2009 aka sami jama'a masu yawa da suka koma ga tsofaffin ƙa'idoji suna sake buga su. A cikinsu kamfanin Goodman Games ya fitar da Dungeon Crawl Classics a 2012, wanda ya ƙara wani mataki a ƙarƙashin na farko: kowane ɗan wasa a ba shi talakawa uku ko huɗu marasa aji, manomi da makiyayi da mai haƙar kabari, kowa da abin sana'arsa a hannu da rai ɗan kaɗan, a tura su kurkuku gaba ɗaya, wanda ya fito da rai a cikinsu shi ake zaɓa wa aji, a soma kiransa mayaƙi ko masihirci.